Tabarma Ba Maganin Raunin Zuciya Ba Ce

Akwai wata fatawa da jama'armu suka yi ijma'i a kanta alhali ba malami ba likita da ya ba da ita, watau wai duk wanda zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa na kumbura, yana haki in ya ɗan taka, to, hakkinsa a kan iyalinsa shi ne a shimfiɗa masa tabarma, a hana shi ko ɗaukar buta. Niyyar kyakkyawa ce, amma hukuncin ɓatacce ne.

Babu musu cewa zuciyar da ta gaza ba ta iya tura jini gwargwadon bukatar jiki, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, har mutum ya kasa barci sai da matasai uku a bayansa. Sai dai kasalar da hakin ba daga zuciya kaɗai suke tasowa ba, domin naman cinya da na sharaɓa, muddin aka raba su da aiki, zubewa suke yi, su riƙa gajiya tun ba a je ko'ina ba, su ƙara wa zuciyar nauyin da ake ƙoƙarin sauke mata.

Hujja kuwa ba ta ɓuya ba. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu mako uku cur, ƙarfin jikinsu ya ragu da fiye da rubu'i. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar tsufa bai yi musu illar da kwanciyar nan ta yi ba. In haka ta samu mai lafiya, ina ga majinyaci? Sa'an nan a 2009 aka bayyana sakamakon binciken HF-ACTION a kan masu wannan cuta su 2,331, ya tabbatar cewa motsa jiki bisa tsarin likita bai cuce su ba, ya ma ƙara musu juriya da jin daɗin rayuwa, ko da yake fa'idar matsakaiciya ce.

Lalle hutu na da muhallinsa: idan kumburi na ƙaruwa, ko ƙirji na ciwo, ko jiri na ɗibar mutum, ko numfashi na sarƙewa yana zaune, wannan sai asibiti. Amma wanda magani ya karɓe shi, likita kuma ya yarje masa, a bar Malam ya taka zuwa masallaci sannu a hankali, ma'auninsa shi ne ya iya amsa gaisuwar mutane a hanya ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba.