A Turo Ɗaliban Likita Asibitin Unguwa

Ya ku 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwar Kurmi, ku saurara. Tun 1932 Kano take da Makarantar Koyon Tsafta mai fitar da malaman duba-gari. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Madalla. To amma a ina ɗalibi zai koyi sanin talaka?

A babban asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, an kawo shi ranga-ranga, sannan ɗalibi ya gan shi. A ƙaramin asibiti kuwa, irin na Marmara ko na Jakara, nan zai ga mai ciki ta zo awo, ga yaron da zazzaɓi ya fara kamawa, ga gudawar da kwatar ƙofar gida ta jawo. Nan zai koyi yi wa tsohuwa bayanin magani da Hausar da za ta gane. Nan zai san dalilin da ya sa ɗan koli yake jure ciwo maimakon ya rufe rumfa yini guda yana layin kati.

Sai dai fa idan aka turo yara ba mai duba hannunsu, da jikinmu za su yi gwaji. Kuɗin rumfa ba a taɓa mantawa da karɓarsa a hannunmu ba. Saboda haka muna kira ga Gwamnati ta ajiye likita da ƙwararrun ungozomomi a kowane asibitin unguwa, ta sa ruwa da wuta, sannan ta turo ɗaliban su yi watanni a cikinmu.