Kwarashi Da Murjanin Teku

Daga Wakilinmu na Arewa, Keffi

'Yan'uwa mazauna Ikko da Fatakwal, ku da kuke maƙwabtaka da teku, wannan magana taku ce. Murjanin nan da iyayenmu mata ke ado da shi, waɗansu 'yan ƙananan halittu ne ke gina shi a ƙarƙashin teku, kifaye kuma a cikinsa suke fakewa. Zafin ruwa da tarkacen leda suna kashe shi.

A cikin 2005 waɗansu tagwaye 'yan Ostareliya, Margaret da Christine Wertheim, suka soma saƙa siffar murjani da kwarashi, wani har da yankakkiyar leda, don su farkar da duniya. Dubban mata suka sa hannu.

To, mu fa? A Sabon Garin Keffi ga masu kwarashi, ga kuma leda ta toshe lambatu. Wadda ruwan sama ya kwashe kuwa, Binuwai ta miƙa wa Kwara, Kwara ta kai teku. A ganina, matanmu su tsince ta, su wanke, su saƙa jaka da tabarma. Ku kuma in kun zo gida da Salla ku saya, ban da tayin wulaƙanci. Sana'ar da ba ciniki ba ta daɗewa.