Jin Kai Ba Jinƙai Ba Ne

Karatu: Luka 18:9-14

Kai da ka fito daga ƙasar Ƙanƙara ka fi kowa sanin nauyin lanƙwasar da ke kan harafin ƙ. In aka cire ta daga sunan garinku, an koma maganar kankarar tukunya. To, akwai kalmomi biyu da wannan 'yar lanƙwasa kaɗai ta raba su a rubuce, amma nisan da ke tsakaninsu ya fi na sama da ƙasa: jin kai da jinƙai.

Jin kai shi ne mutum ya cika da kansa har ya rasa wurin da zai sa wani. Bahaushe ya ce wane yana ji da kansa, ko yana ji-ji da kai. Danginsa suna da yawa: girman kai, taƙama, fahariya, homa, yanga. Ƙai kuwa tausayi ne. Shi ya sa in an yi rasuwa mukan ce Allah ya ji ƙansa. Mai jin kai kunnensa yana wajen kansa, mai jinƙai kunnensa yana wajen kukan maƙwabcinsa.

Duba saƙonnin ta'aziyya a wayarka, za ka ga yawancinmu mun daina wahalar sa wannan lanƙwasa. Wannan kuskuren yatsa ne, mai sauƙin gyara. Abin da nake faɗa da shi a nan kuskuren zuciya ne: mun fara aikata jin kai muna kiransa jinƙai.

Ka tuna watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ka tuna watan Yuni na 2024, da 'yan bindiga suka faɗa wa 'Yargoje da dare, suka kashe mutane da yawa, suka tafi da wasu. Daga Faskari zuwa Sabuwa, iyalai nawa ne suka bar gonakinsu suka raɓe a gidajen dangi? A irin wannan ƙasa taimako wajibi ne. Amma ka lura da yadda wasunmu suke bayarwa. A kawo buhun masara, sai an jera gwauraye da marayu cikin rana, mai bayarwa ya gyara hula, a ɗauki hoto, kafin magariba yana Facebook. Matar da jiya take ciyar da baƙi daga rumbunta, yau an mai da fuskarta allon tallar wani. Ta karɓi hatsi, ta biya da mutuncinta. Wannan ciniki ne, kuma ita aka ƙwara.

Kada ka ce halin 'yan siyasa ne kaɗai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A majami'unmu fa? Ranar gidauniya, wane ba zai sa hannu a aljihu ba sai an kira sunansa da dukan muƙamansa. Dattijo ya yi fushi wata guda domin ba a ajiye masa kujerar gaba ba. Mai shaida ya miƙe zai gode wa Allah, sai ka ji rabin sa'a yana lissafa abin da shi ya yi.

Na san abin da za ka ce: in ba a nuna ba, yaya wasu za su yi koyi, yaya kuma waɗanda suka aiko da kuɗi za su san ya isa? Gaskiya ne, amana tana bukatar lissafi. To, a rubuta adadin buhuna, a karanta a gaban ikkilisiya, a ajiye takarda. Lissafi ba ya bukatar hawayen gwauruwa a hoto. Wani kuma zai ce ai mutum ya kamata ya san darajar kansa. Haka ne, amma wannan sunansa mutunci, kuma mai mutunci ba ya bukatar wani ya ƙasƙanta kafin shi ya tsaya da tsayinsa.

Dubi mutanen nan biyu na karatunmu. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba: azuminsa sau biyu a mako gaskiya ne, zakarsa ma gaskiya ce. Abin da ya kashe addu'arsa shi ne ya zo Haikali ya karanta wa Allah yabon kansa, ya kuma ɗauki ɗan'uwansa ya mai da shi matakala. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido, jinƙai kawai ya roƙa, shi ne kuma ya koma gida baratacce. A Matiyu sura 6 Ubangiji Yesu ya hana mu busa ƙaho a kan sadakarmu, ya nuna cewa wanda ya ba da domin yabon mutane ya riga ya karɓi ladansa duka.

Kakanninmu sun ce girman kai rawanin tsiya. Ga gwaji mai sauƙi, ɗan'uwana. A makon nan ka nemi gida ɗaya na waɗanda suka gudo, ka kai musu abin da kake iyawa bayan duhu ya yi, ka zauna a tabarmarsu ka ji labarinsu, ka tashi ba wanda ya sani. In ka ji zuciyarka tana ƙaiƙayin ka faɗa wa wani, to, ka gano wanne daga cikin kalmomin nan biyu yake zaune a cikinka.

Addu'a: Ya Uba, ka ji ƙanmu, ka tuɓe mana rawanin jin kai, ka koya mana bayarwa a ɓoye. Cikin sunan Yesu, Amin.