Kifi ba ɗaya ba ne: a san shi kafin a kare shi

A cikin teku akwai kifin da ake kira shak, wanda irinsa ya haura 500. Wani ƙato ne mai kai mita 12, amma ƙananan halittun ruwa ne abincinsa. Wani kuwa bai wuce taƙi ɗaya ba. Da yawansu sai sun daɗe kafin su haihu, kuma ƴaƴansu kaɗan ne. A shekarar 2021, bayan an auna su iri iri, ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na shak da danginsa suna kan hanyar ɓacewa, saboda yawan kamu.

Mu a Difa ba mu da teku, amma darasin ya shafe mu. A farkon shekarun 1960 faɗin Tabkin Cadi ya kai kamar murabba'in kilomita 25.000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwa, madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992, a jihar Kano, suka rage abin da Kumadugu ke kawowa Boso. Giwan ruwa da tsage, masu son ruwa mai zurfi da faɗi, suka ragu ƙwarai. Tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure fadama, suka yawaita. Gaiwa kuwa shiga laka take, ta jira damina. Ke nan masifa ɗaya ba ta cin kifi duka daidai.

Saboda haka, ƙidayar kwalin banda da ke tafiya Najeriya ba ta isa ba. Kasuwa na iya cika da tarwaɗa alhali wani iri yana ƙarewa ba wanda ya lura. Ya kamata ma'aikatan ruwa da dazuzzuka su riƙa rubuta kamu iri iri, tare da sarakunan ruwa, waɗanda suka san lokacin ƙwan kowane kifi. A hana taru mai ƙananan idanu, a kuma bar ƙofa a shingen dumba lokacin da kifi ke hawowa kogi don yin ƙwai.

Da yake kogin namu ne mu da Najeriya, aikin ya rataya kuma a wuyan Hukumar Tabkin Cadi, wadda aka kafa tun 1964. Masunci ya san sunan kowane kifi. Ya dace takardar hukuma ma ta san shi.