A fara daga turke, ba daga sirdi ba

Samarin Lambara da sauran garuruwan Shagari da Boɗinga ba su rasa sha'awar doki ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai koyarwa. Yaro kan ari doki ranar hawan angwanci ko kilisa, ya zabure shi a bakin titin mota, alhali bai san ɗaurin majanyi ba, balle ya gane cewa linzami mai tsanani yana yanka bakin dabba. Shi ya sa duk ƙungiyar matasa mahaya ya kamata ta naɗa shugabanta don sanin doki, ko da ba shi ne mai ingarma mafi tsada ba, kuma darasin farko ya zama yankan ciyawa, ba da dusa da kanwa, da duba kofato. Haka fada ta saba: muri yakan daɗe a barga, a ƙarƙashin Shamaki, kafin a yarda da hannunsa. Za a ce wanda ba a biya zai gaji ya watsar, ga tsadar hatsi. Gaskiya ne. To amma ƙungiyar Pony Club da aka kafa a Ingila a 1929 har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da rassanta, domin an raba aikin ga mutane da yawa. Dattawan da suka yi hawan Sallah a Sakkwato suna nan da ransu. A roƙi kowannensu yammaci ɗaya a mako, iyaye su ɗauki kuɗin harawa.