Magana A Kan Ɗakin Ɗaukar Murya Da Mai Neman Abinci Cikinsa

 

Dalilin wagga takarda shi ne, bayan Sallar Layya wani maƙwabcina mai fataucin albasa ya iske ni zaure, ransa a ɓace. Ɗansa, wanda ya yi sauka a hannuna, ya sami aiki a wani ɗakin ɗaukar murya a Birnin Kebbi, abin da yara ke kira situdiyo. Ya ce mini, "Allah shi gafarta Malam, na ba ka yaro ya sauke Alƙur'ani, ga shi zai ƙare cikin maroƙa. In hana shi ko in bar shi?" Na ce masa, "Alhaji, ba ni yanke hukunci a kan ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ka ba ni kwana bakwai." Na shiga mota na tafi, domin gani ya kori ji.

Ga abin da na iske. Ɗaki ne biyu, da gilashi mai kauri tsakaninsu. An lulluɓe bangon na ciki da soso da darduma, domin kada murya ta bugi bango ta komo. Can mai waƙa ko mai karatu ke tsayawa gaban makirfo. A na waje mai ɗauka ke zaune gaban kwamfuta, da abin sauraro a kunnensa, shina ganin muryar tana tafiya bisa allon gilashi kamar sawun maciji bisa rairayi. An kai janareta can bayan gida, an gina masa rumfa, domin kada ƙugin nasa shi shiga faifai. Na wuni nan tun hantsi har bayan La'asar. Abin da na fahimta shi ne, tsadar na'ura ba ita ke sa ɗakin nan shi zama wurin aikin kirki ba. Abubuwa huɗu ke sa haka, kuma duka huɗun mun san su tun daga makarantar allo da kasuwa.

Na farko, natsuwa. Ban taɓa ganin wurin sana'a inda shiru ke da daraja kamar wanga ɗaki ba. Da zarar mai ɗauka ya ɗaga hannu, ba mai tari, ba mai jan takalmi, kowa ya kashe wayarsa. Mu da ke fama da almajirai hamsin suna ɗaga murya gefen wuta, mun san wuyar tsamo kuskuren yaro guda cikin hayaniya. Wanga kunne shi ne jarin mai ɗaukar murya. Na ga almajirina ya tsai da wani sha'iri mai begen Annabi, ya ce masa, "Malam, ka haɗiye harafi a ƙarshen baiti, a sake." Ni kaina ban ji ba sai da anka maido mana. Na ce a raina, ashe kunnen da munka gyara da tilawa bai tafi banza ba.

Na biyu, haƙurin gyara. Ku alarammomi kun san darasu, inda gardi ke kawo allonsa a zagaye shi, a bi shi wasali wasali, kuma ba ya fushi in anka ce ya ɓata, domin allon ake gyara ba mutuncinsa ake ci ba. Haka ɗakin kirki yake. Baiti guda ana iya maimaita shi sau goma, ba mai gajiya, ba mai yi wa wani dariya. Wanda duk ya raina wanga aiki, shi tuna da ƙasar Masar. A shekarar 1961 ne Shaihu Mahmud Halil Alhusari ya kammala ɗaukar Alƙur'ani duka da muryarsa bisa ruwayar Hafsu, kuma shi ne na farko da anka yi wa haka, sa'an nan a 1964 ya ɗauki ruwayar Warshu, wadda ita muka gada a ƙasarmu. Ba a masallaci anka yi ba, a ɗaki irin wanga anka yi, manyan malaman ƙira'a suna sauraro suna tabbatarwa, masu na'ura suna zaune suna jira. Shaihun ya rasu a 1980, amma har yau yaro a Alelu shina gyara maddarsa da muryarsa. Waɗanda sunka riƙe na'urar ba mu san sunansu ba, amma wa zai ce ba su da rabo cikin ladan?

Na uku, amana, kuma nan nake kiran fatake su matso kusa. Murya haja ce. Mai waƙa ya kwana shina tsara baitoci, ya biya kuɗin ɗauka, ya bar kayansa cikin kwamfutar wani. In mai ɗaki ba shi da tsoron Allah, kafin mai ita shi isa gida waƙar ta riga shi shiga wayoyin mutane, masu turi a kasuwa suna sayar da ita, shi kuwa ko kwabo. Wannan daidai yake da a ba dillali ajiyar buhu shi farke shi da dare. Ɗakin da na ziyarta suna da littafi: sunan mai aiki, abin da anka yi ciniki, abin da ya biya, abin da ya saura, da sa hannun shaida. Yaran gidan kuwa an yanka musu ladansu tun farko, ba a ce musu "ai koyo kuke" shekara da shekaru. Ma'aikacin da ya san haƙƙinsa zai fito ran da anka ce, shi ke zama da zuciya guda.

Akwai kuma wata amana ta ɓoye. Sun nuna mini yadda kwamfuta ke iya miƙe muryar da ta karkace, har mai muryar kwaɗo shi fito kamar kanari. Ga waƙar biki wannan ado ne, kowa ya san da shi. Amma a ɗauki mai karatun da bai iya ba, a yanka a liƙa, a fitar da shi a ce ga alaramma, wannan algus ne, kamar mai jera manyan albasa a bakin buhu, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai ɗakin ya gaya mini shi ba ya yin haka ga karatu. In mutum ya ɓata, sai shi koma shi yi tishe shi komo. Na sa masa albarka.

Na huɗu, kuma shi ne babba, abin da ake ɗauka, da ikon ma'aikaci shi ce a'a. Ba ni ɓoye muku cewa malamai sun saɓa a kan kiɗa da waƙa. Mai Risala ya tsananta, Imamu Gazali kuwa cikin Ihya'u ya keɓe babi ya rarrabe tsakanin sauraron da ke gyara zuciya da wanda ke ɓata ta. Ban isa in raba wagga gardama a shafin jarida ba. Amma babu saɓani a kan batsa, da zambo mai keta mutunci, da waƙar da ke haɗa mutane faɗa lokacin zaɓe. Na'ura ƙwarya ce, abin da ka zuba shi za ka sha. Ɗakin kirki shi ne wanda in anka kawo irin wagga waƙa, yaro na iya cewa "ba ni ɗauka" ba tare da an kore shi ba, wanda kuma in ladan ya kira salla ake ɗaga hannu a tashi. Kada ku ce na ga gida guda na yabi gari duka. Da Magariba an leƙa da ni wani ɗaki na daban cikin garin, na iske hayaƙin taba ya turnuƙe, maza da mata a cakuɗe, ana kiran salla ba wanda ya motsa. Na'urorinsu sun fi na farkon kyau nesa. Da can ɗan Alhaji yake, da na kamo hannunsa mun komo tare.

Yanzu ku dubi abin da ke cikin wanga aiki in an tsare shi. Malam Abdullahi na Gwandu ya bar mana Liya'ut Ta'awili da littattafai masu yawa, muna karanta su, amma babu mai rai da ya san yadda muryarsa take in shina karatu, domin sai a 1877 Edison ya ƙera na'urar farko mai kama murya ta maido, a Amurka. Ga kuma namu na Jega, Alhaji Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, wanda ya rasu a 1999. Da yake an ɗauki muryarsa, jikokinmu za su ji yadda yake rera baitinsa da bakinsa, ba labari ba. Haka Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ko mai ƙin kiɗa ya san masu nazarin harshenmu suna komawa ga faifansu domin tsohuwar Hausa da sunayen sarakuna da garuruwa. Alƙalami shina tsare lafazi, amma ba ya tsare sauti.

Da na komo na kira Alhaji na ce masa, "Ka bar yaronka, bisa sharaɗi huɗu: kada salla ta wuce shi, kada shi ɗauki batsa ko zambo, kada shi fitar da ajiyar wani ba da izni ba, kuma kada shi bar tilawarsa. Ran da ɗayansu ya faɗi, ka zo mu tafi tare mu ɗauko shi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji, Malam. Amma kai ne shaida." Na karɓa, kuma na san nauyin abin da na ɗauka.

Ƙarshen maganata roƙo ne ga attajirai. Cikin ƙauyukanmu akwai tsofaffin alarammomi masu karatun Warshu irin na da, da tsofaffin mata masu riƙe da waƙoƙin Nana Asma'u a ka, da karin da sunka gada daga uwayensu. Kowace damina muna binne wasu, karin nasu shina bin su kabari. Kuɗin buhu kaɗan na albasa ya isa a ɗauko tsoho guda a kai shi gaban makirfo. Wanda ya yi haka ya yi ajiyar da gara ba ta ci, kuma ya ba yaranmu na waɗanga ɗakuna aikin da ba za su ji kunyar faɗa ba.

Allah shi tsare kunnuwanmu da harsunanmu, shi sa abincin 'ya'yanmu shi zama halal. In na yi kuskure malamai su gyara mini, allo ne na kawo darasu. Wassalamu.

Daga wani malamin allo, Alelu, ƙasar Jega.