Kwamfuta Na Ƙirga Gaɓa, Amma Ba Ta Auna Nauyinta

Sanin kowa ne cewa ba kowace makarantar sakandare a karkarar Kano ke da kwamfuta ba. Duk da haka, malamin Hausa a Shanono na iya koya wa ɗalibansa tushen aikinta da alli da allo, ta hanyar ƙirga gaɓoɓin kalma.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kowace gaɓa ta Hausa wasali ɗaya gare ta, don haka umarnin shi ne: a ƙirga wasulan kalma, a ɗauki tagwan wasali "ai" da "au" a matsayin guda. Sai a jera kalmomi, a bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan umarni. Shanono gaɓa 3 ce, Gwarzo 2, makaranta 4. Bagwai na da haruffan wasali 3, amma gaɓa 2 ce. Haka na'ura ke yi: sau ɗaya ake rubuta mata umarni, ta maimaita shi a kan kalmomi dubu ba gajiya. Hausa ta fi Turanci sauƙi a nan, domin Turanci na da wasulan da ake rubutawa ba a furtawa.

Sai dai fa ƙirge daban, awo daban. Karin rubutacciyar waƙa ya dogara ne ga nauyin gaɓa, alhali rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, gaɓoɓinsu 2, amma gaɓar farko ta garin tuwo mai nauyi ce, ta ɗayan kuwa marar nauyi. Ɗan aji ɗaya zai bambance su da kunne. Na'ura kuwa sai an ciyar da ita da ƙamus mai nuna tsawon wasali, irin na Bargery na 1934.

Wannan giɓi kuwa ba mai cike shi kamar mai harshen. Saboda haka ya dace malaman Hausa da na lissafi su haɗa kai, ɗalibai su riƙa tattara kalmomin gona da kasuwa suna yi musu alamar nauyi. In ba haka ba, da mudun wani harshe za a riƙa auna Hausa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.